Akwatin Odum na Tsoho

Shagonmu na kafinta yana kan hanyar da ta gangara daga masallacin unguwarmu zuwa kwata, a Zangon Kumasi. Rumfar kwano ce mai bencin aiki uku, da wani ɗan tebur a bakin ƙofa wanda ni nake aiki a kai. Kakana ne ya kafa shagon. Kowa Tsoho yake ce masa, har matarsa, har limaminmu da ya girme shi da shekara biyu.

Tsoho ya zo Kumasi yana saurayi daga wani ƙauye a ƙasar Katsina, yana kora jakunan fataken goro. Da ayari ya tashi komawa sai kurkunu ta kwantar da shi, aka bar shi a gidan mai masauki, aka ce baɗi za a ɗauke shi. Kafin baɗi ta zo ya warke, ya kuma fara riƙe wa wani kafinta mutumin bakin teku katako. Shekara bakwai ya yi a hannun mutumin. Ya koyi sana'a, ya kuma fito da wata aƙida guda da ya riƙe kamar karatun sallah, wai ƙusa aikin rago ce. Kafintan kirki yanka bakin katako yake yi haƙori-haƙori, ya cusa wannan cikin wancan, su riƙe juna har jikoki su gada.

'Ya'yansa maza biyu ne a shagon. Babban shi ne Baffa, wanda mahaifiyarsa Bahaushiya ce, ta rasu yana rarrafe. Na biyu mahaifina, ɗan matar da Tsoho ya aura daga baya, 'yar Asante da ta musulunta. Nana muke ce mata, yadda mutanensu ke kiran kaka. Ta fi shekara hamsin tana Hausa amma ba ta taɓa yarda akwai mace a cikin harshen ba. Kaza "ya yi ƙwai", amarya "ya zo", ita kanta idan tana ba da labarin kanta wani lokaci "ya gaji".

Akwai ƙusa a shagon, amma a cikin gwangwanin biskit take, gwangwanin yana cikin durowa, mabuɗin durowar yana rataye a wuyan Tsoho. Idan kana son ka manna bayan kabad sai ka je ka tsaya a gabansa. Zai tambaye ka guda nawa, ya tambaye ka dalili, sannan ya ba ka ƙasa da abin da ka ce da guda ɗaya. Mu kuma muna da tamu a ɓoye cikin wata tsohuwar buta a bayan rumfa. Baffa yana da furfura a gemu, amma in zai ɗebo sai ya waiga hagu da dama.

Aikinmu yana da kyau, wannan ba a musu. Sai dai ba ma sauri. Kafintocin unguwar Anloga sun sami injin, abin da muke yi a wata biyu su a mako suke gamawa. Mun taɓa kai gadon wata amarya ranar sunan ɗanta na fari. Tsoho bai ga abin kunya ba, ya ce ai yanzu ne ma take bukatarsa.

A azumin 1969 ina da shekara ashirin da biyar, da mata da 'ya guda. A cikin azumin ne rediyo ya faɗi cewa gwamnati ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Mutane da yawa a Zango sai a ranar suka san su baƙi ne. Akwai wanda aka haifa a unguwar Dichemso, aka yi masa kaciya a Dichemso, ya yi aure a Dichemso, aka ce ya koma garinsu, sai da ya je ya tambayi gwaggonsa sunan garin.

Mahaifina ba shi da fargaba, don Asante ta wajen uwa suke ƙirga mutum, dangin Nana kuwa sun tsaya masa. Baffa ba shi da wannan. Matarsa ma daga Najeriya aka kawo ta. A rana ta uku ya ce zai tafi da iyalinsa. Shi kuma Tsoho ba wanda ya kawo shi a lissafi. Mahaifina ya riga ya fara nema masa takarda a asirce ta hannun ƙanen Nana, ba a dai gaya masa ba.

Mai tafiya akwati yake bukata. Kafin kwana uku layin masu neman akwati a ƙofar shagonmu ya kai kwata. Ta farko a layi wata mai sayar da koko ce a bakin masallaci, tana son abin da za ta zuba tukwanenta. Tsoho ya sa aka kawo tukwanen, ya auna su ɗaya bayan ɗaya, ya zaɓi katako, ya zauna yana fitar da haƙora. Matar ta zauna a benci tana kallonsa. Ta dawo washegari ta zauna. A rana ta uku, ga azumi a bakinta, ga layi a bayanta ana ta tsaki, ta ce:

"Tsoho, ni fa Zariya zan kai tukwanen nan, ba lahira ba."

Ya ce mata hanyar Zariya ta fi ta lahira gargada, ya ci gaba da aikinsa.

Bayan la'asar mahaifina da Baffa suka ja ni bayan rumfa, wajen butar nan. Su biyun ba wanda ya taɓa ce wa mahaifinsu a'a, kuma babu alamar za su fara da tsufansu. Amma ni jika ne, akwai wasa tsakanina da shi, abin da na faɗa ba ya zama rashin kunya. Suka ce in nemo dabarar da za ta raba shi da shago na kwana goma. Ba su gaya mini wace dabara ba, wannan kuma daga baya dukansu biyu suka riƙa tunatar da ni.

Na koma ciki na tsaya a kansa. Na ce, "Tsoho, kai da kake ta yi wa mutane akwati, ina naka? Ko kana da takarda ne ba mu sani ba?"

Na saba in na tsokane shi ya ɗaga sanda, ya ce zai ƙwace mini mata tunda ya fi ni kyau. Ranar bai ɗaga komai ba. Ya ajiye abin da ke hannunsa, ya dube ni, ya dubi layin da ke waje. Da safe ya sa aka sauko da wasu katakan odum guda shida, itacen kurmi mai ƙarfi da nauyi, da ya ajiye a saman rumfa tun ana yaye ni, waɗanda ba a yarda kowa ya taɓa ba, aka kai masa gida. Ya ce zai yi aiki a tsakar gida, kada a dame shi.

Mahaifina ya dafa kafaɗata, abin da bai saba ba. Kafin hantsi na isa Anloga na cika amalanke biyu da katakon wawa. Sunan itacen ke nan a bakin Asante, fari ne mai taushi, ba nauyi. Tsoho kullum yana cewa duk wanda ya raɗa masa suna Bahaushe ne kuma ya san halinsa. Muka sayo ƙusa a kwali. Tun da aka kafa shagon ba a taɓa jin irin wannan ƙarar guduma ba. Gidanmu yana layi na uku, Tsoho kuma kunnensa ɗaya ya mutu, duk da haka muka roƙi wanzamin da ke tsallaken hanya in ya hango shi ya yi tari. Wanzamin yana fama da mura a lokacin, don haka sau da yawa muka yi ta tura akwatuna ƙarƙashin benci a banza. Baffa kan cika bakinsa da ƙusa yana zarowa ɗaya-ɗaya, har sai da abin ya dame shi ya je ya tambayi liman ko hakan yana karya azumi. Liman ya ce in bai haɗiye ba babu komai, in kuma ya haɗiye to ba shi ya kamata ya zo wa ba.

Muna ta murna dabararmu ta ci. A rana ta biyar, muna zaune a tsakar gida ana shan ruwa, Tsoho ya ajiye kofin kokonsa ya ce shi ma zai bi Baffa. Ya ce daɗewa a gari ba ta mai da baƙo ɗan gari, tunda an ce a tafi, zai tafi da ƙafarsa kafin a zo a ɗauke shi.

Mahaifina ya ƙware da koko. Da ya samu numfashi sai ya fito da maganar takarda, ya ce ƙanen Nana ya kusa karɓo ta. Nan ya ɓata komai. Tsoho da wannan ƙanen matar tasa sun shekara talatin ba sa ga maciji, tun wata kujera da mutumin ya ce tana girgiza. Tsoho ya ce shi ba zai zauna a ƙasar da sai wanda bai iya zama a kujera ba ya sa masa hannu.

Duk muka juya wajen Nana. Tana ɓare ayaba, ba ta ko ɗaga kai ba. Ta ce a bar shi ya tafi, amma ya faɗa mata sunan mutum ɗaya mai rai a ƙauyen nasu. Tsoho ya faɗi sunaye uku da ƙarfinsa. Ta tambaye shi ko sun girme shi. Ya ce dukansu. Ta ce, "Yoo," wato to a bakin Asante, ta ci gaba da ɓare ayabarta.

Daga ranar Tsoho ya raba lokacinsa biyu. Da safe akwati, da yamma sallama. Ya bi Zango gida-gida, ya je Dichemso, ya hau mota har Asokore Mampong. Ko'ina ya je sai ya yafe wa mutane da babbar murya, har da waɗanda ba su san sun yi masa laifi ba, sai ya tsaya ya tuna musu laifin sannan ya yafe. Aka yi ta ba shi guzuri. Kaji shida, zabuwa biyu, turmin yadi, kwalbar turare, da wata hular sanyi. Ranar Juma'a liman ya yi masa addu'a ta musamman, mutane suka yi ta share ido.

Mahaifina ya daina dafa mini kafaɗa. In mun haɗa ido a shago sai ya ce, "Bakinka," ya juya.

Na ga ba dama, na same shi a tsakar gida yana gyara murfin akwatin. Na durƙusa na ce masa wasa nake yi, don a raba shi da shago na faɗa. Ban ambaci ƙusa ba. Ya ci gaba da goge katako, ya ce ya sani wasa ne, amma wani lokaci a bakin mai wasa ake sa wa mutum magana. Ya ce tun ranar yake ganin wata tsamiya da ke bakin rijiyar garinsu, ko ya rufe ido ko bai rufe ba. Ya ce ya bar mahaifiyarsa tana daka, ya ce mata sai ya dawo, bai ma san inda aka binne ta ba. Na riƙe masa murfin ya ɗora.

Akwatin kuwa, ban taɓa ganin irinsa ba, har yau. Ba ƙusa ko ɗaya, haɗin kusurwoyinsa ko bakin reza ba ya shiga. Sai dai odum odum ne. Ba komai a ciki sai da mutum huɗu suka ɗaga shi. Da ya zuba kayan aikinsa da tufafinsa sai da aka kira 'yan kaya shida, amalanken da aka ɗora shi kuma ƙafarsa ɗaya ta lanƙwashe kafin mu kai tasha.

Saura kwana uku sallah muka je tashar mota da sassafe. Wurin ya cika maƙil, mata a zaune kan ƙunshin kaya, yara na kuka, manyan motoci sun jeru. Direban motar su Baffa ya zo ya kama kusurwar akwatin, ya yunƙura, ya sake yunƙurawa, ya saki. Ya ce ko akwatin nan ko mutum goma, a zaɓa. Mahaifina ya fara roƙonsa da murya mai sanyi, irin roƙon wanda ba ya son a amsa masa.

Ana cikin haka na lura Tsoho ba ya sauraro. Yana kallon tashar. Duk inda ya juya fararen akwatunan wawa ne, kawunan ƙusa suna ƙyalli a rana. Ya taka a hankali zuwa ga wani, ya shafa gefensa da yatsa. Ya ce wannan yankan Baffa ne. Ya matsa ga na gaba, ya ce wannan na mahaifina ne. Ya tsaya a kan na uku ya daɗe, sannan ya dube ni. Mu uku muna tsaye a jere kamar an kama mu a gonar rake.

A daidai lokacin ana jan wani akwati da igiya zuwa saman mota, sai gindinsa ya zazzage. Kwanuka da faranti suka watse a tasha, wani murfin tukunya ya gangara har ƙarƙashin wata motar. Mai akwatin wata tsohuwa ce da jikokinta biyu, ta zauna a ƙasa ta rufe fuska. Akwatin aikina ne, ba sai an faɗa ba.

Tsoho ya miƙa hannu ya ce a ba shi guduma. Direba ya ɗauko tasa. Ya sake miƙa hannu, wannan karon wajena. Na yi kamar ban gane ba, ya bar hannun a miƙe. Na sa hannu a aljihu na ɗebo masa cike da tafi, a gaban kowa.

Ya durƙusa. Kowace ƙusa sai ya juya ta ya ɗan daki tsininta don kada ta tsaga katako, sannan ya kafa ta a karkace, ta gaba kuma ya karkata ta ɗaya gefen, su zama kamar sun rungumi juna a ciki. Bugu uku kowace ta nutse. Kafin jikokin su gama tsince kwanuka ya gama. Ya hau kan akwatin ya yi tsalle sau biyu, mutum mai kusan shekara tamanin, ya sauko.

Baffa ya tambaye shi a hankali inda ya koya. Ya ce kafin ya kama sana'a sosai ya yi shekara biyu yana buga akwatunan kaya a tashar jirgin ƙasa don ya sami na abinci.

"Ba don ban iya ba na ƙi ta," in ji shi. "Ku kuma kun so ta, ba ku iya ba."

Ya sa aka kira masu akwatunanmu su kawo a duba. Waɗanda ba namu ba ma suka kawo. Ya mai da akwatin odum bencin aiki, ni ina miƙa ƙusa, mahaifina yana riƙe katako, Tsoho yana bugawa yana faɗa. Ba mu ankara ba sai direba ya danna ham, ya ce mota ta cika.

Baffa ya zo ya durƙusa a gabansa. Tsoho ya dubi motar, ya dubi layin masu jiran gyara. Ya buɗe akwatin ya fito da zartonsa mafi kyau, da abin goge katakon da ubangidansa na bakin teku ya ba shi, da rabin sauran kayan, ya naɗe su a hular sanyin nan da turmin yadin ya ba Baffa. Ya ce ya yi gaba ya duba masa wurin, shi zai biyo baya in ya sallami mutanen nan. Ya dafa kansa ya daɗe yana motsa baki. Baffa ya hau, matarsa da 'ya'yansa biyar suna sama a kan kaya. Motar ta fita. Mahaifina ya juya baya yana neman wani abu a ƙasa wanda bai faɗi ba.

Mai amalanke ya ce ko za a yanka shi ba zai hau tudu da akwatin nan ba. Haka aka bar shi a tasha a hannun mai gadi, Tsoho ya riƙa zuwa kullum da safe yana gyara wa matafiya kaya a kansa, har mutane suka ragu. Sai bayan wata guda wata motar yashi ta kawo mana shi gida.

Saura maganar guzuri. Ranar sallah waɗanda suka rage a Zango suka zo gaisuwa, da yawansu waɗanda suka yi kukan rabuwa da shi ne. Suka tarar da shi a zaune a kan buzu yana ƙamshin turaren da suka ba shi. Aka kawo shinkafa da nama, suka ci kajinsu. Wani mahauci ne kawai daga Asokore Mampong ya kasa haƙuri, ya leƙa madafa ya tambayi Nana labarin zabuwarsa. Ta nuna masa kwanon da ke hannunsa ta ce ya riga Tsoho tafiya.

Takardar ta fito a farkon 1970. Ƙanen Nana ne ya kawo ta da kansa, Tsoho ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya, amma bai ba shi wurin zama ba. Zango ya yi shiru a shekarar. Kana wucewa ka ga ƙofar da ka yi da hannunka, ka yi sallama, wata baƙuwar fuska ta leƙo. Ni na koma bencin Baffa. Na yi wata biyu ina aiki a gefe ɗaya na bencin, ban iya tsayawa a inda ƙafarsa ta cinye siminti ba.

Da damina ta faɗi wasiƙarsa ta iso. Na karanta wa Tsoho a shago. Baffa ya ce sun isa lafiya bayan wahala mai yawa, ya kama rumfa a cikin birnin Katsina, katako yana da wuyar samu, gara kuma ba ta da kunya. Ya ce ya je ƙauyen. Rijiyar tana nan, tsamiyar an sare. Ba wanda ya san sunan Tsoho sai wata makauniyar tsohuwa, wadda ta ce ta tuna shi sarai, ai fatake sun dawo sun ce ya mutu a Kurmi, har an yi masa sadakar arba'in, ita ma ta ci gumbar tana yarinya. Ta nuna wa Baffa wajen da makabartar da take, ya je ya yi wa kakarsa addu'a.

Tsoho ya sa na maimaita masa wurin sadakar. Ya yi dariya har tari ya kama shi, wanzami ya leƙo daga tsallake. Sannan ya ce in ɗauko biro. Ya ce in rubuta wa Baffa ya gaishe da tsohuwar, ya saya mata goro, ya gaya mata gumbar ta halatta. In kuma ce masa ya riƙa shafa wa ƙafar kabad baƙin mai saboda gara, kada ya yarda ya yi aiki da ɗanyen katako ko da mai kaya zai kwana a ƙofarsa. Na tambaye shi ko in sa maganar zuwansa. Ya ce in rubuta sai an ga yadda damina ta yi.

Na kai wasiƙar gidan waya, na biya ta Anloga na duba katakon mahogani, don akwai tagogi takwas na wani sabon gida da muka yi alkawarin kaiwa kafin damina ta yi nisa.